Halin Maigida Shi Ke Raya Basirar Ma'aikata Ko Ya Kashe Ta

Kamfanin da iyali ɗaya suka mallaka yana da wani ƙarfi wanda sauran ba su da shi, watau magana ɗaya ta maigida ta isa a fara aiki. Amma a nan kuma rauninsa yake. In maigidan ya toshe kunnensa, ba wanda ya isa ya buɗe masa shi. Tarihin gidaje biyu masu ƙera motoci, na Ford a Amurka da na Toyoda a Japan, ya nuna wannan a fili.

Henry Ford ya kafa kamfaninsa a birnin Detroit cikin 1903, ya fito da motar nan Model T a 1908. A wannan zamani yana sakar wa mutanensa mara su gwada dabaru. Daga gwaje-gwajensu ne aka sami tsarin nan na 1913 inda mota ke tafiya bisa layi, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu guda. Aikin da ke cin fiye da awa 12 ya komo kamar awa ɗaya da rabi. Kuɗin motar ya sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da dala 300, har talaka ya iya saye.

Nasara ita ce ta sauya shi. A 1919 iyalin suka saye hannun jarin sauran abokan tarayya duka, aka naɗa ɗansa Edsel shugaba, amma iko na hannun uban. Ya kafe a kan cewa Model T ba ta bukatar gyara, alhali kuwa masu saye sun fara neman motoci masu launi iri iri da daɗin zama. William Knudsen, ɗaya daga cikin gwanayen ma'aikatansa, ya bar gidan a 1921 ya koma General Motors, inda ya shugabanci Chevrolet. A 1926 Ernest Kanzler, wanda surukuta ta haɗa shi da Edsel, ya rubuta wa tsohon takarda cikin ladabi yana nuna masa lokacin sabuwar mota ya yi. Kafin shekarar ta ƙare ya rasa muƙaminsa. Sauran ma'aikata suka ga abin da ya same shi, kowa ya kama bakinsa.

Gaskiyar da aka ƙi ji ba ta fasa zuwa ba. Cikin watan Mayu na 1927, bayan an ƙera Model T miliyan 15, dole aka daina ta, aka rufe masana'antu wajen wata shida ana shirin wata sabuwa. A shekarar nan Chevrolet ta fi Ford ciniki. Daɗin daɗawa, tsohon ya ɗora wa wani mai suna Harry Bennett aikin sa wa ma'aikata ido, tsoro ya cika gida. Edsel ya rasu a 1943 yana da shekara 49. Lokacin da jika, Henry Ford na Biyu, ya karɓi ragama a 1945, kamfanin na ta hasara. Ya sallami Bennett, ya ɗauko ƙwararru daga waje, sannan gidan ya farfaɗo.

A can Japan kuwa, Kiichiro Toyoda ya kafa kamfanin Toyota a 1937. A 1950 kamfanin ya kusa karyewa, aka rage ma'aikata, Kiichiro ya ɗauki alhakin abin ya sauka daga kujerarsa. A shekarar ɗan'uwansa Eiji Toyoda ya ziyarci babbar masana'antar Ford. Cikin abubuwan da ya gani har da tsarin karɓar shawarar ma'aikata, wanda sabon shugabancin Ford ke aiki da shi. Ya koma gida, Toyota ta kafa nata a 1951, ana ba da lada ga wanda aka yi aiki da shawararsa.

Bugu da ƙari, iyalin suka tsaya bayan Taiichi Ohno, injiniyan da ba ɗan gidan ba ne. Shi ya ba lebura ikon tsayar da layin aiki in ya ga aibi, don a gyara tun daga tushe. Ohno ba mai sanyin hali ba ne, an san shi da tsanani. Bambancin shi ne tsananinsa na neman ma'aikaci ya yi tunani ya kawo gyara, na tsohon Ford kuwa na neman ya yi shiru. A 2008 Toyota ta wuce General Motors, ta zama ta fari a duniya wajen sayar da motoci.

Abin lura shi ne, basira ba ta ƙare a gidan Ford ba. Mutanen da suka ƙago tsarin 1913 da waɗanda suka yi shiru a 1926 'yan gida ɗaya ne. Halin maigida kawai ya sauya. Ma'aikaci yakan auna abu uku kafin ya buɗe baki: ko za a saurare shi, ko zai sha wuya in dabarar ta ƙi, da kuma ko za a ambaci sunansa in ta yi kyau.

A gidajen kasuwancinmu, inda girmama na gaba ke hana yaron kanti ko direba musa wa maigida, wannan awo ya fi nauyi. Su ne ke jin ƙorafin mai saye, su ke ganin inda kaya ke lalacewa. In ba maigida ne ya tambaye su da bakinsa ba, ya kuma nuna musu gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, abin da suka sani zai zauna a cikinsu, ko kuma su tafi da shi gidan abokin gasa, kamar yadda Knudsen ya yi.