Duwatsu Masu Aman Wuta: Ba Kullum Wuta ke Kisa ba

Mazaunin Moshi Zongo a Tamale bai taɓa ganin dutse na aman wuta ba sai a talabijin ko a waya. Garin yana zaune ne a kan shimfiɗaɗɗen dutsen yashi na kwarin Volta, kuma duk faɗin Ghana babu dutsen da ke aman wuta a yau. Hatta tafkin Bosumtwi na kusa da Kumasi, da wasu ke ɗauka bakin tsohon dutsen wuta ne, wani dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa shi, kimanin shekara miliyan 1 da ta wuce. Sai dai wutar ta bar sawunta: jerin duwatsun da ake tono zinariya a cikinsu a Obuasi, aman wuta na cikin abin da ya gina su, fiye da shekara biliyan 2 baya.

Abin da ke raba wani dutse da wani shi ne kaurin narkakken dutsen da ke cikinsa da yawan iskar da ya riƙe. Duk mai dama koko da tuƙa tuwon zafi ta san wannan. Koko mai ruwa-ruwa tafasa yake ya zubo ta gefen tukunya, tuwo kuwa riƙe tururi yake, sai ya yi tsartuwa ya ƙona hannu.

Masu ruwa-ruwan su ke gina duwatsu masu faɗi, marasa tsini, irin Mauna Loa na Hawai. Masu kaurin kan taru su yi tsororuwa, kuma su ne masu fashewa. Pinatubo na Filifin ya watsa toka da iska mai yawa a 1991, har zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri. Akwai kuma ƙananan tudun gawayi, irin Parikutin na Meziko, wanda ya tsiro a gonar masara a 1943, manomin na kallo. Irin waɗannan tsofaffin tuddai birjik suke a Biu da Panyam a Najeriya.

Ruwa-ruwa ba ya nufin sauƙi. Nyiragongo na Kwango ya kwararo cikin birnin Goma a 2002, ya sake tayar da mutanen garin a watan Mayun 2021. Dutsen Kamaru ma, wanda ya fi shi kusa da Ghana, ya yi amai a 1999 da 2000.

Amma mafi ban tsoro a wannan yanki bai zo da wuta ba ko kaɗan. Tafkin Nyos na arewa maso yammacin Kamaru yana cikin bakin tsohon dutse ne, kuma iskar kabon dayoksaid ta daɗe tana taruwa a ƙasan ruwansa. Daren 21 ga Agusta 1986 ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana gangarawa, ba launi, ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, har da garkunan Fulani makiyaya. Gidaje suna tsaye, bishiyoyi ba su ƙone ba. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Sai a 2001 aka kafa bututun farko a Nyos don ya riƙa fitar da iskar sannu a hankali, aka ƙara wasu biyu a 2011.