Dokar da Direba Ya Tarar

A tashar Kwangila da ke Zariya, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da wadda ta nufi Samaru da Funtuwa, mota ba ta lodi don mai ita yana sauri. Sai layi ya zo kanta. Ɗan kamasho na ta kiran "Kano, saura mutum ɗaya!", direban da ke baya kuwa yana zaune kan benci da makulli a hannu, ko da motarsa ta fi lafiya. In ya saci lodi a bakin titi, tara na jiransa, ga hararar abokan sana'a.

Babu direban da zai ce shi ya kafa wannan doka. Tarar da ita suka yi, kuma za su bar ta ga yaran motarsu. Irin wannan ne masanin Faransa Emile Durkheim ya yi bayani a 1895: akwai ƙa'idojin zaman tare da ke wajen mutum, suna kuma tilasta masa, ba ya jin ƙarfinsu sai ranar da ya saɓa. Tun a 1377 Ibn Khaldun ya nuna a Muƙaddima cewa asabiyya, wato haɗin kan jama'a, ce ke ɗaga daula, rauninta kuma ke kayar da ita.

Zazzau kanta shaida ce. Masani M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya bi yadda jihadi ya kori Sarki Makau zuwa Zuba, Malam Musa ya hau, amma sarautun Galadima, Madaki da Wambai suka ci gaba da aiki a hannun sababbin mutane. Da Sarki Shehu Idris ya rasu a 2020 bayan shekara 45, zancen gari bai wuce gidajen sarauta huɗu ba: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa.

Firaministar Birtaniya ta lokacin, Margaret Thatcher, ta musanta wanzuwar al'umma a 1987, wai ɗaiɗaikun mutane da iyalai kawai ake da su. Ban yarda ba, kuma abin na damuna, domin mu ma haka muke tunani duk lokacin da muka ce "mutane ne suka lalace". Sai mu canza shugaba, mu bar tsarin da ya tarar. Mutumin kirki ya shiga ofis, dangi su yi masa caa da buƙatu, abokan aiki su nuna masa "yadda ake yi", in ya ƙi a kira shi marowaci ko mai girman kai. Wa'azi gare shi kaɗai ba zai isa ba, matuƙar ba a taɓa albashinsa, da dokar ofishin, da abin da danginsa ke jira daga gare shi ba.