TESTY: Kalmar Ingilishi mai kama da yabo, alhali kuwa suka ce

'Yan'uwa 'yan kasuwa masu kai da komo tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, akwai wata kalmar Ingilishi da muke so ku riƙe. Kalmar ita ce testy. Ba kasafai ake jin ta a baki ba, ta fi fitowa a jaridu da wasiƙu. Ma'anarta mutum mai saurin hasala, wanda ko farashi ka sake tambayarsa sai ya ɗaure fuska ya amsa maka a tsawace. Ba mai zage-zage da kai duka ake nufi ba. Ƙaramin fushi ne, irin na mai awon hatsi da rana ta buga, ga masu tayi sun dame shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne akwai wata mai kama da ita, tasty, wato abu mai daɗi a baki. Harafi guda ya raba su, kuma a bakin yawancinmu furucinsu ɗaya ne. Mai kilishin da ya ba da aikin buga takardar da ake manna wa leda, in aka sa masa e a gurbin a, to da kuɗinsa ya shelanta cewa namansa mai saurin fushi ne. Haka in abokin ciniki ya rubuto cewa yaron shagonka testy ne, Alhaji, ƙara ya kawo, kuma yana shirin komawa shagon maƙwabci.

Waɗanda suka yi lakwal za su gane tushenta. Bayan da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci sun kwarara cikin Ingilishi. A tsohon Faransanci kai shi ne teste, wanda yau ake rubutawa tête. 'Yar hular nan alama ce ta s ɗin da ya faɗi. Daga nan aka sami testif, mai taurin kai, wadda marubuci Chaucer ya yi amfani da ita a ƙarni na 14. Zuwa ƙarni na 16 ma'anar ta karkata zuwa saurin fushi. Ta fuskar ma'ana, babu ruwanta da test, wato jarrabawa.

Ana siffanta mutum da ita, ko amsarsa, ko zaman da aka tashi baram-baram. In jarida ta ce an yi testy exchange tsakanin direba da jami'in kwastan, cacar baki suka yi, ba su kai ga hannu ba.