Kandili, barewa da ƙwaro: zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a gabas da Arlit

Gabas da Arlit, wajen Iferwan, akwai gandun dajin Ayar da Tenere, wanda aka kafa a 1988, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 77,000. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1991.

A ƙoramun yankin, itacen kandili ne uwa ma ba da mama. Barewa da raƙuma da awaki na cin 'ya'yansa. Ƙwayar irin tana da tauri, amma idan ta ratsa cikin dabba sai ɓawonta ya yi laushi, ta faɗi nesa cikin kashi, ta tsiro da saukar ruwa. Wadda ta daɗe a gindin itace kuwa, tsutsar wani ƙaramin ƙwaro ce ke huda ta, ta cinye cikinta.

Don haka idan farauta ta rage barewa, itace ma ya yi asarar mai yaɗa irinsa. Idan awaki suka yi yawa, sai su kiwace tsiron tun yana ƙarami. Ga kuma masu saran itacen girki don garuruwa irin su Arlit da Akokan.

Tun 1992 gandun ke cikin jerin UNESCO na wuraren da ke cikin haɗari.