Takaddama kan haɗa wayar salula da allon motocin lantarki

Wasu daga cikin kamfanonin ƙera motoci na duniya sun fara toshe hanyar da direba ke bi ya haɗa wayarsa ta salula da allon da ke gabansa, musamman a motoci masu aiki da lantarki.

A Amurka ne aka fi tafka wannan muhawara, kuma mai karatu na iya ganin cewa babu abin da ya haɗa ta da gari irin Geza, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda babur da tsofaffin motocin ɗaukar kaya suka fi yawa a kan hanya.

To amma akasarin motocin da ake hawa a wannan yanki, kamar sauran sassan arewacin Nijeriya, ba sababbi ba ne. An fara hawansu ne a Turai ko Amurka, kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano a jamhuriyar Benin, inda sunan 'yar Kwatano ya samo asali. Ko da yake gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga watan Janairun 2017, sunan bai ɓace daga bakin jama'a ba.

Ma'ana dai, shawarar da wani kamfani ya yanke a birnin Detroit a bana, ita ce mai saye a Birnin Kebbi ko Sakkwato zai tarar a cikin motarsa nan da shekaru takwas ko goma.

Yadda abin yake aiki

Hanyoyi biyu ne ake bi, kuma sau da yawa a kan rikita su.

Ta farko ita ce wadda allon motar ke zama tamkar madubi. Duk abin da ya bayyana a fuskar wayar, ko saƙo ne, ko hoto, ko fim, shi ne zai fito a allon. Irin wannan ce aka fi samu a allunan da masu wayarin mota ke saka wa tsofaffin motoci bayan sun cire rediyon asali.

Ta biyu kuwa ita ce ta manyan kamfanonin nan biyu, wato CarPlay na kamfanin Apple, wanda aka ƙaddamar a 2014, da kuma Android Auto na kamfanin Google, wanda ya fara aiki a 2015. A nan ba a kwafo fuskar wayar baki ɗaya. Wayar ce ke zana wani shafi na musamman mai manyan alamomi, ta aika wa motar, ita kuma motar ta mayar mata da labarin inda direba ya taɓa da abin da ya faɗa. Taswira da kiran waya da karanta saƙonni da sauraren sauti, su ne ginshiƙan abin da aka yarda su fito. Ba a barin fim ya kunnu muddin mota na tafiya.

A dukkan hanyoyin biyu, wayar ce ke yin aikin. Ita ke da taswirar, ita ke da layin sadarwa, ita ke da lambobin jama'a. Motar allo da lasifika da makirfo kawai ta ba da aro. Akan haɗa su da igiyar USB, ko kuma ba tare da igiya ba, inda Bluetooth ke fara gabatar da su ga juna, sannan Wi-Fi ya ɗauki nauyin jigilar hotunan.

Akwai wani tsari na uku da ya riga waɗannan fitowa, mai suna MirrorLink, wanda ya samo asali daga binciken kamfanin Nokia, amma an daina shi a 2023.

Kamfanonin motoci ba su rungumi abin a lokaci guda ba. Toyota, wanda motocinsa suka cika tashoshin arewacin Nijeriya, ya jinkirta har zuwa 2018 kafin ya fara saka CarPlay, sannan Android Auto ya biyo baya a motocin ƙirar 2020. Wannan ne ya sa mai Camry ko Corolla ƙirar 2015 ba zai samu ko ɗaya daga cikinsu ba, sai in ya sauya allon.

Dalilin da ya sa motar lantarki ta bambanta

A watan Maris na 2023 ne kamfanin General Motors ya ba da sanarwar cewa sababbin motocinsa na lantarki, daga kan Chevrolet Blazer ƙirar 2024, ba za su karɓi CarPlay ko Android Auto ba. A maimakon haka, motar za ta zo da nata tsarin, wanda aka gina tare da Google, da nata layin sadarwa. A watan Oktoban 2025 shugabar kamfanin, Mary Barra, ta nuna cewa a hankali matakin zai kai ga motoci masu amfani da fetur.

Ba shi ne na farko ba. Kamfanin Tesla ya shafe fiye da shekaru goma yana sayar da motoci ba tare da ko ɗaya daga cikin tsarin biyu ba, kuma Rivian ya bi sahunsa.

Hujjar da kamfanonin ke bayarwa tana da ƙamshin gaskiya. A motar fetur, taswira ba ta buƙatar sanin abin da ya rage a tanki, domin gidan mai ba ya wuyar samu, ko babu shi akwai 'yan bumburutu. A motar lantarki kuwa, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ko cajin da ke cikin batir zai kai mutum inda za shi. Amsar ta dogara ne a kan gudu, da nauyin kaya, da hawa da gangara, da zafin gari, da kuma ko an kunna na'urar sanyaya mota. Kwamfutar motar ce ta san waɗannan, kuma ita ce ke iya daidaita zafin batir tun kafin a isa wurin caji domin ya cika da sauri. Waya ba ta da masaniya a kan ko ɗaya, sai abin da motar ta gaya mata.

Sai dai kuma gaya matan ba abu ne da ya gagara ba. Kamfanonin Ford da Porsche sun yarda wasu motocinsu na lantarki, irin su Mustang Mach-E da Taycan, su riƙa shaida wa taswirar Apple yawan cajin da ya rage. Saboda haka batun ba na fasaha ba ne kaɗai.

Akwai maganar kuɗi. Tun a 2021 General Motors ya shaida wa masu zuba jari cewa yana fatan samun dala biliyan 20 zuwa 25 a kowace shekara, nan da 2030, daga manhajoji da kuɗin da masu motoci za su riƙa biya wata-wata. Wanda ke riƙe da allon shi ne ya san inda direba ke zuwa, da abin da yake saurare, da inda yake tsayawa, kuma shi ne zai iya tallata masa kaya. A nasa ɓangaren, kamfanin Apple ya yi iƙirarin a 2022 cewa kashi 79 cikin ɗari na masu sayen sababbin motoci a Amurka ba za su kalli motar da ba ta da CarPlay ba. Alƙaluman kamfanin ne da kansa, don haka sai a karɓe su da hattara, amma sun nuna girman abin da ake jayayya a kai.

Idan motar ta iso kan iyaka

Jihar Kebbi tana da wata alaƙa da wannan labari da ba kowa ya sani ba. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya zana siffar Chevrolet Volt da General Motors ya nuna wa duniya a 2007, ya yi karatun zanen gine-gine ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya wuce Detroit. A lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya, NADDC, daga 2017 zuwa 2023, an ƙaddamar da motar lantarki ƙirar Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar cajin motoci mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021.

Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara wa batun nauyi, haka ma ɗauke wa motocin lantarki harajin VAT da gwamnati ta yi a 2024. Duk da haka motocin ba su da yawa a wajen Legas da Abuja, kuma rashin tsayayyar wutar lantarki shi ne babban cikas, ba allo ba.

Amma a ɗauka cewa irin wannan mota ta iso Bagudo. Tsarin da aka gina a cikinta yana dogara ne da katin layi da aka dasa tun a masana'anta, wanda aka yi wa rajista da kamfanin sadarwa na ƙasar da aka fara sayar da ita. Da zarar ta ƙetare teku, yawanci wannan layi ya daina aiki. Taswirar da ke ciki ta Amurka ce ko ta Turai, tashoshin cajin da ta sani suna can, kuma asusun da ke buɗe wasu ayyukan na iya kasancewa da sunan mai ita na farko. Motocin da aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta Sin kuma, waɗanda 'yan kasuwa ke sayowa kai tsaye, suna da tasu matsalar. Manhajojin Google ba sa aiki a ƙasar Sin, saboda haka da yawansu suna zuwa ne da tsarin can, irin su CarLife na Baidu ko HiCar na Huawei, wani lokaci ma da rubutun Sinanci.

Ko a ƙasashen da aka ƙera su, irin waɗannan na'urori suna tsufa tun mota na da ƙarfinta. Lokacin da kamfanonin sadarwa na Amurka suka rufe layukan 3G a 2022, motoci masu ɗimbin yawa sun rasa ayyukan da suka dogara da su. A Birtaniya ma, a 2024 kamfanin Nissan ya dakatar da manhajar da masu tsofaffin motocin lantarki ƙirar Leaf ke amfani da ita wajen sarrafa caji daga nesa, saboda ta dogara da layin 2G.

Waya ba ta da wannan matsala. Akan sauya ta bayan 'yan shekaru, akan sauya layin da ke cikinta a cikin minti ɗaya. Ɗan kasuwar da ya tashi daga Tsamiya ya ƙetara zuwa Segbana, ya nufi Kandi ko Parakou, yana iya ajiye layinsa na Nijeriya ya koma na Moov ko Celtiis ko MTN na Benin, kuma allon motar zai ci gaba da nuna masa hanya. Yana kuma iya sauke taswirar yankin a cikin wayar tun yana inda sabis ke da ƙarfi, domin gano inda mutum yake aikin tauraron ɗan Adam ne, ba ya buƙatar sabis. Ga mai irin wannan tafiya, motar da ta ƙi karɓar waya ta zo masa da babban allo ne wanda rabin amfaninsa ya rage a ƙasar da ta fito.

Ba kowace waya ba

Nan ma akwai sharuɗɗa. Ƙananan wayoyi masu araha da ke amfani da tsarin Android Go, waɗanda suka yawaita a kasuwannin karkara, ba sa ɗaukar Android Auto. Haka nan wayoyin Huawei da suka fito ba tare da manhajojin Google ba, bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin a 2019. Haɗawa ba tare da igiya ba kuwa tana buƙatar wayar da ke iya amfani da Wi-Fi mai ƙarfin zango na 5 GHz.

Sai kuma zafi. Kamfanin Apple ya ce an tsara wayoyinsa ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selshiyos ba. A watannin Maris da Afrilu, zafin bazara a kwarin kogin Kwara kan haura digiri 40, balle a cikin motar da ta wuni a rana. Wayar da ke caji, tana zana taswira, tana kuma aika hoto ta Wi-Fi, ba ta jimawa take rage gudu ko ta dakatar da aiki har sai ta huce. Igiya mai kyau, da ajiye wayar inda rana ba ta dukanta, sun fi duk wata dabara.

Batun haɗari

An ƙirƙiro waɗannan tsare-tsare ne domin a raba hannun direba da waya, abin da dokokin hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, FRSC, suka riga suka haramta. To amma ɗauke ido daga kan titi ɗauke ido ne, ko a waya ko a allo.

Wani bincike da ƙungiyar IAM RoadSmart ta Birtaniya ta wallafa a 2020 ya gano cewa saurin ɗaukar mataki na direba ya ragu da kashi 53 cikin ɗari yayin da yake latsa allon Android Auto, da kashi 57 a CarPlay. Na wanda ke rubuta saƙo a waya kashi 35 ne. Ba da umarni da murya ya fi sauƙin haɗari, sai dai muryar da waɗannan na'urori suka fi ganewa ta Turanci ce ko Faransanci ko Larabci, kuma sunaye irin su Ka'oje da Zagga da Illo ba lallai su gane su ba. A hanyar da garken shanu ko ɗan acaɓa ke iya ɓullowa a kowane lokaci, daƙiƙa biyu ma suna da yawa.

Hukumar Euro NCAP mai auna ingancin kariyar motoci a Turai ta fara la'akari da wannan, inda daga 2026 take rage wa mota maki idan aka mayar da muhimman abubuwa irin su sigina da oda da abin share gilashi cikin allo, ba tare da maɓalli na zahiri ba.

Ga mai niyyar sayen motar lantarki da aka taɓa hawa, gwajin ba ya ɗaukar minti biyar. Ya je da wayarsa da igiyarsa, ya haɗa su tun kafin a yi maganar kuɗi, ya ga ko taswira ta fito a allon. Ya duba ko ana iya sauya harshen allon, ya tabbatar an cire asusun mai motar na farko, sannan ya lura ko ana iya rage sanyi ko ƙara shi ba tare da an shiga cikin allon ba.