3.4 Samun Farin Ciki Mai Ɗorewa ga Mai Barin Shaye-shaye da Iyalinsa

A sashen da ya gabata an kawo ire-iren kayan maye da matasa ke ta'ammali da su a ƙasar Hausa, kamar wiwi da sholisho da kodin da tiramol. A wannan sashe kuwa za a duba abin da ke biyo bayan ranar da mutum ya ce ya daina, domin a nan ne da yawa daga cikin masu kyakkyawar niyya kan faɗi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a shekarar 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka sha ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma kashi ɗaya cikin huɗu mata ne. Kowannensu yana da gida da dangin da abin ya shafa.

3.4.1 Jin Daɗi da Kwanciyar Hankali

Bahaushe ya bambanta jin daɗi da kwanciyar hankali. Jin daɗi kan zo ya wuce, kamar na cin abinci mai ɗanɗano. Kwanciyar hankali kuwa hali ne da mutum ke kwana da shi ya tashi da shi. Abin da ƙwaya ke bayarwa shi ne na farko, kuma da shi take cinye na biyu.

Masana kiwon lafiya sun bayyana cewa kayan maye kan sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin fiye da kima. Idan aka daɗe ana haka, sai ƙwaƙwalwa ta rage karɓar wannan sinadari domin ta daidaita kanta. Saboda haka, idan mutum ya daina sha, sai ya tarar hira da abokai da cin abinci da wasa da 'ya'yansa duk sun zama salam. Wahalar jiki ta barin kodin ko tiramol, wato ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci, takan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Amma rashin walwala yakan ɗauki watanni kafin ya gushe. Wanda bai san da wannan ba sai ya ɗauka ba zai ƙara yin farin ciki ba, ya koma ruwa.

3.4.2 Abin da ke Kan Mai Murmurewa

Na farko shi ne neman taimakon likita. Barin wasu ƙwayoyin sa barci farat ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, don haka ana rage su ne a hankali bisa kulawa. Akwai wuraren da ke wannan aiki, irin su Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna da asibitin Dawanau a Kano. Haka kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da sashen ba da shawara.

Na biyu shi ne cike gurbin da ƙwaya ta bari. Mai shaye-shaye ya saba ɓatar da yininsa wajen neman kuɗin ƙwaya da shan ta da farfaɗowa daga maye. Idan lokacin nan ya zauna fayau, tsohuwar majalisa za ta sake jawo shi. Koyon sana'a kamar ɗinki ko kafinta, komawa makaranta, da kiyaye salla a cikin jam'i, su ne ke tsara masa yini, su kuma maido masa da mutunci a idon jama'a.

3.4.3 Abin da ke Kan Iyali

Hausawa na cewa ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Kunyar wannan jifa ce ke sa wasu iyaye su ɓoye matsalar, wasu kuma su kai ɗansu gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da kusan mutum 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa. Mari na iya raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, amma ba ya koya masa yadda zai rayu idan an kwance shi.

Ya kamata iyali su san cewa komawa sha bayan an daina abu ne mai yawan faruwa. Cibiyar nazarin shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta shi da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Lokaci ne mai haɗari ƙwarai, domin jikin da ya huta ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba sha a da, har yakan kai ga rasa rai. Abin yi a nan shi ne a mayar da shi wurin likita da wuri, ba tare da gori ba. Sai dai tausayi ba ya nufin a riƙa ba shi kuɗi a hannu ko a rufa masa asiri idan ya yi sata. A mayar masa da amana kaɗan-kaɗan, daga aiken kasuwa har zuwa riƙon jari.

Su ma iyalin suna bukatar magani. Uwa ko matar da ta shekara tana kwana da fargaba ba ta warkewa ranar da mai sha ya daina. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar Al-Anon a Amurka a 1951 domin dangin mashaya giya. A ƙasar Hausa, zumunci da malaman unguwa na iya ɗaukar wannan nauyi, muddin za su riƙe sirri.

A taƙaice, farin ciki mai ɗorewa yakan dawo ne sannu a hankali, gwargwadon yadda ƙwaƙwalwa ke warkewa da yadda amana ke komawa tsakanin mutum da gidansu. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A sashe na gaba za a duba rawar da malamai da masu unguwanni ke takawa wajen karɓar tubabbun mashaya.