Ƙiba da Mace Mai Ciki

A nan ƙasar Zuru, in mace ta yi ƙiba mukan ce ta sami hutu. Amma ga mai ciki, ƙiba mai yawa hatsari ce. Takan jawo ciwon sukari da hawan jini. Hawan jini kuwa yakan kai ga jijjiga, mai halaka uwa da ɗa.

Waɗansu suna tsammani ƙwayoyin bitamin C da E za su tsare ta. Ba haka ba ne. A shekarar 2006 likitocin Ingila suka ba da labarin gwajin da suka yi da mata masu ciki fiye da 2,000, har da masu ƙiba. Ƙwayoyin ba su hana hawan jinin ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar shan su ba.

To, me za mu yi? Mu ba ta zogale, da rama, da wake, da gwanda. Ta rage sukari da soye-soye, amma kada ta zauna da yunwa. Ta je awo sau 8. Ƙwayar ƙarin jini ta asibiti kuwa, ta sha kullum. Rigakafi ya fi magani.